Daga Sumunin Allo Zuwa Sumunin Gado: Nauyin Koya wa Yara Lissafi a Gida

 

Duk wanda ya taɓa halartar zaman rabon gado ya san yadda abin yake gudana. A tara magada a zaure ko a gaban alƙali, a ƙididdige abin da mamaci ya bari, a fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, sannan malami ya ɗauki alƙalami ya shiga fitar da rabon kowa. Daga wannan gaɓa ce zaure kan yi tsit. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune, har da masu takardar gama sakandare, ba sa iya bin malamin ko da taku biyu. Suna jin ana cewa sumuni, ana cewa sudusi, ana cewa ragowa, amma ba za su iya faɗin nawa ne sumunin naira 2,400,000 ba sai sun lalubo waya, kuma ko sun lalubo ta ba su san abin da za su danna ba. Idan an yi dace da malami ƙwararre mai tsoron Allah, to an tsira. Idan kuwa ya yi tuntuɓen alƙalami, ko wani babban wa ya riga ya yi ƙwange wajen ƙidayar dukiya, ba mai ganewa a ranar. Sai bayan shekaru zargi ya tsiro, 'yan uwa ciki ɗaya su daina gaisawa, marayu su girma da ƙullin da ba su san asalinsa ba.

Mun fara da wannan ne domin a ga cewa maganar lissafi ta wuce maganar cin jarrabawa. Gaskiya ne yaron da bai samu sakamako mai kyau a lissafi ba a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙofar karatun likita da injiniya da haɗa magunguna da akanta a rufe take gare shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya tayar da hankalin kowane uba. Amma ga Musulmi akwai abin da ya fi wannan nauyi. Haƙƙoƙin bayin Allah da dama da lamba aka ɗaure su: gado, zakka, bashi, awo, ciniki, haɗin jari. Wanda bai iya lissafi ba yana iya cin haƙƙin wani da kyakkyawar niyya, kuma ana iya cinye nasa yana godiya. Saboda haka ra'ayin wannan shafi shi ne, koya wa yaro lissafi ɓangare ne na tarbiyyar Musulunci, gida ne mafarinsa, kuma kowane gida, komai ƙarancin karatun bokon mutanensa, yana da kayan aikin da zai fara da su tun daga yau.

Lissafi ɗan gida ne

Akwai wata fahimta da ta zauna a zukatan mutane ba tare da an tsaya an tantance ta ba, wai karatu gida biyu ne: na addini yana makarantar allo da Islamiyya, lissafi kuwa kayan boko ne, sai malamin aji. Littafinmu da tarihinmu duk ba su yarda da wannan rabo ba.

A Suratu Yunus, aya ta 5, Allah Maɗaukakin Sarki ya bayyana cewa ya sanya wa wata masaukai domin mutane su san ƙidayar shekaru da lissafi, kuma makamanciyar wannan ma'ana ta zo a Suratul Isra'i, aya ta 12, game da dare da yini. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, ƙarami ne ko babba, tare da ajalinsa. Suratul Muɗaffifina ta buɗe da narko mai tsanani ga masu tauye mudu. Ayoyin gado kuwa, ta 11 da ta 12 da ta 176 a Suratun Nisa'i, sun yanka kaso shida ƙayyadaddu: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Allah da kansa ya yanka waɗannan kason, kuma ba a iya zartar da su sai da sanin yadda ake haɗa kaso da kaso.

Sahabbai sun fahimci haka. Zaidu ɗan Sabit, Allah ya yarda da shi, ya shahara a cikinsu da sanin rabon gado. Littattafan fiƙihu sun kawo cewa a zamanin Sayyidina Umar an zo da mas'alar macen da ta rasu ta bar miji da 'yan uwa mata biyu. Miji yana da rabi, 'yan uwan suna da sulusi biyu. Idan aka kasa dukiyar gida 6, miji zai ɗauki 3, su kuma su ɗauki 4, jimla 7, alhali gida 6 ne a ƙasa. Bayan shawara da sahabbai aka kasa dukiyar gida 7, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Wannan shi ne malamai ke kira auli, kuma fiƙihu da lissafi ne a cikin ƙwarya ɗaya.

A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafin da duniya ta samo kalmar aljabara daga sunansa. A gabatarwarsa ya nuna cewa ya rubuta shi ne saboda buƙatun mutane na yau da kullum, kamar gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon ƙasa, kuma babban ɓangare na littafin mas'alolin wasiyya ne. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya lissafi tare da likitanci cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u, saboda ma'amaloli da rabon gado ba sa tsayuwa sai da shi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, yana ganin ya fi kyau a fara koyar da yaro da lissafi, domin wanda ya saba da shi tun yana ƙarami gaskiya kan zama ɗabi'arsa, tunda ya saba da bin ƙa'ida da tuhumar kansa.

Ba sai mun je nesa ba ma. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, domin koyar da yara aka wallafa ta, kuma ga babin zakka da babin rabon gado a cikinta. Daga Katsina aka samu Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, wanda har yau ake ambaton rubutunsa kan jera lambobi cikin gidaje yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Kai, ƙidayarmu ta Hausa kanta shaida ce: ashirin, talatin, arba'in, hamsin, har zuwa casa'in, da metan da hamsaminya, duk daga Larabci suka shigo mana tare da addini da fatauci.

Wani zai kawo hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, inda Manzon Allah (SAW) ya siffanta al'ummarsa da cewa ba ta rubutu kuma ba ta lissafi. Malamai sun yi bayanin cewa maganar kan ganin wata take, cewa shari'a ta rataya azumi da abin da kowa zai iya, wato gani da ido, kuma siffa ce ta halin da mafi yawan Larabawa ke ciki a wancan lokaci. Babu malamin da ya fahimci haramcin rubutu daga gare shi, alhali Annabi (SAW) yana da marubuta wahayi, don haka babu dalilin da za a fahimci haramcin lissafi. Haka nan a kiyaye wani ruɗani na harshe: a Hausa akan ce wa mai duba da lambobi da taurari malamin hisabi. Wannan daban, ilimin ƙidaya daban. Na farko da'awar sanin gaibu ce, addini ya hana. Na biyu kuwa shi ake raba gado da shi.

Abin da ke cikin gidanmu

Uba ko uwa za su ce, to mu da ba mu yi nisa a boko ba, da me za mu koyar? Amsar ita ce, da abin da kuke yi kullum.

Mu fara da salla. Yaro ɗan shekara 5 ko 6 da ke tsayawa gefen mahaifiyarsa yana iya ƙirga raka'o'i: Asuba 2, Azahar 4, La'asar 4, Magariba 3, Isha'i 4. A bar shi ya tara da yatsunsa har ya kai 17. Wata rana a tambaye shi sujada nawa ke nan, tunda kowace raka'a tana da 2. Ya shiga ninkawa ke nan bai sani ba, ya samo 34. Yayansa kuma a tambaye shi raka'o'in farilla na mako guda, 17 sau 7, wato 119. Tasbihin bayan salla 33 ne sau 3, to saura nawa ya cika 100?

Sai Alƙur'ani. Izu 60 ne, kuma kowane izu an kasa shi rabi da rubu'i da sumuni, ga alamominsu nan a gefen shafi. Almajirin da malam ya ba shi sumuni ya rubuta a allo ya san sumuni 2 ne rubu'i, 4 ne rabi, 8 ke cika izu. Abin da malamin aji ke fama da alli ya cusa wa 'yan firamare, ga shi yaro ya riga ya riƙe shi a allonsa. Abin da ya rage kawai a nuna masa cewa sumunin izu da sumunin matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya abu ɗaya ne, kashi 1 cikin 8. A tambaye shi sumuni nawa ne a Alƙur'ani duka, ya nemo 480 da kansa. Idan azumi ya gabato a ce masa, wanda ke son sauka cikin kwana 30 izu nawa zai karanta a rana? Idan cikin kwana 20 yake so fa?

Kalanda ma malama ce. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya 365 ko 366, bambancinsu wajen kwana 11. Da wannan yaro zai gane dalilin da ya sa azumi kan faɗo cikin zafi a wasu shekaru, ya koma cikin hunturu, sannan ya shiga damina, har ya zagayo inda ya fara bayan kimanin shekara 33.

Zakka kuwa aji ce guda. Daren sallar azumi, maimakon maigida ya auna zakkar fidda kai shi kaɗai, ya kira yara. Kowane mutum sa'i ɗaya, wato mudun Annabi 4. Gidan mutum 9 mudu nawa ke nan? Su auna da hannunsu har 36. Manomi ya sa ɗansa ya fitar da zakkar hatsi: buhu 40 na noman damina ushiri ne, buhu 4, idan da injin ban ruwa aka noma, rabin ushiri ne, buhu 2. Makiyayi ya koya wa nasa cewa tumaki da awaki daga 40 zuwa 120 dabba ɗaya ake fitarwa, daga 121 zuwa 200 biyu. Ɗan kasuwa ya nuna cewa idan dukiya ta kai nisabi kuma ta shekara, kashi 1 cikin 40 ake bayarwa, wato naira 1,000 a cikin kowace naira 40,000.

A ɗakin girki ma haka. Idan mudu 2 na shinkafa ke isar mutum 10, nawa za a dafa ranar da baƙi suka mayar da gidan mutum 15? Adashin mata 10 da ke zuba naira 2,000 kowane mako, nawa ake kwasa, kuma bayan mako nawa zai zagayo? Kafin a aiki yaro cefane, a zauna da shi ya faɗi abin da zai saya, da kuɗin kowanne, da canjin da zai dawo da shi. Hatta yadda tsofaffi ke cewa ashirin ba ɗaya maimakon sha tara, ko talatin ba biyu, ɗebewa ce a cikin magana, kuma dabara ce da za ta sauƙaƙa wa yaro lissafin ka.

Ga 'yan sakandare, a koma ga misalin da muka buɗe da shi. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da ɗa namiji ɗaya, da 'ya'ya mata biyu, kuma bayan biyan bashi an samu naira 2,400,000. Mata tana da sumuni, 300,000. Mahaifiya tana da sudusi, 400,000. Ragowar 1,700,000 a kasa ta gida 4, kowane gida 425,000: namiji ya ɗauki gida biyu, 850,000, kowace mace gida ɗaya. A sa yaro ya sake tara duka ya gani ko sun koma 2,400,000. Hukuncin wa ke gado da wa ba ya gado na malamai ne da alƙalai, ba mu ce kowa ya zama mai fatawa ba. Amma wanda ya iya wannan, ranar da aka zo raba gadon gidansu zai zauna a matsayin shaida mai gani, kuma samuwarsa kariya ce ga malamin da magadan baki ɗaya.

Yadda za a koyar

Samun kayan aiki daban, sanin riƙonsu daban. Ga wasu ƙa'idoji da gogaggun malaman yara suka daɗe suna aiki da su.

Na farko, abu kafin lamba. Yaro ya taɓa, ya jera, ya raba, kafin a ba shi fensir. Ƙwallon dabino, tsakuwa, murafen kwalba, duk sun isa. Mafi amfani shi ne tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma. Ɗauri 3 da tsinke 2 shi ne 32. Idan aka ce ya cire 17, zai ga tsinke 2 ba su isa a cire 7 ba, dole ya kwance ɗauri ɗaya. Wannan kwancewar ita ce aron da ake ta faɗa masa a aji bai gane ba. Takardun naira 10 da 100 da 1,000 ma suna koyar da matsayin lamba fiye da dogon bayani.

Na biyu, a yi da harshen gida. Yara da yawa Turanci ne ke kayar da su a tambayoyin lissafi, ko Faransanci ga 'yan uwanmu na Nijar. Yarinyar da ke ba da canji a shagon mahaifiyarta ba tare da kuskure ba, sai ka ga ta kasa irin wannan lissafin a takarda. Idan ta gane tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa da Hausa, ɗora musu sunayen makaranta ba zai yi wuya ba.

Na uku, a riƙa tambayar yaro, ta yaya ka samo wannan amsa? A tambaye shi ko ya yi daidai ko ya yi kuskure. Kuskuren yaro yawanci yana da dalili. Wanda ya ce 32 a cire 17 saura 25, ba shirme ya yi ba: ya cire 2 daga 7, ya cire 1 daga 3, domin a tunaninsa kullum ƙarami ake cirewa daga babba. Idan aka saurare shi aka gano inda ya kauce, gyaran na minti biyar ne. Idan kuwa aka daka masa tsawa kawai, zai kai wannan kuskure har sakandare.

Na huɗu, kaɗan mai ɗorewa. Minti 10 ko 15 kullum, bayan La'asar ko bayan cin abincin dare, sun fi awa uku a daren jarrabawa. Ya tabbata daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biyar, hadda tana da gurbinta, amma bayan fahimta. Yaron da ya haddace izu biyar, jadawalin sau ba zai gagare shi ba, kuma kamar kowace hadda yana buƙatar tilawa. Sai dai kafin ya rera 6 sau 7, ya jera tsakuwa layi 6 kowanne da 7, ya ƙirga 42 da idonsa, sannan ya juya su ya ga 7 sau 6 ma haka ne.

Na shida, a bar wasa ya yi aikinsa. Carafke da 'yar gala-gala cike suke da ƙidaya. A zana gida tara a ƙasa, uku-uku, a ce yara su jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da 15. Wasan wasa ƙwaƙwalwa ne kawai, babu ruwansa da hatimi ko tsibbu, kuma yakan riƙe gida guda tsawon dare.

To, na'urar lissafi ta cikin waya fa? Tana da amfani, amma tana amsa abin da aka danna mata ne kurum. Ba za ta gaya maka sumuni rabawa takwas ba ne, kuma ba za ta gaya maka ka ƙara sifili bisa kuskure ba. A saba wa yaro da kintace kafin dannawa, domin ya san amsar da hankali zai karɓa. Rashin wannan ya jawo wa jama'a asara mai yawa. A 2016 tsarin MMM ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a kowane wata, kafin a rufe asusunsu a watan Disamba na shekarar. Wanda ya iya ninkawa zai ga cewa a kan wannan alkawari naira 100,000 za ta haura naira miliyan 2 da dubu 300 cikin shekara guda, kuma babu halastacciyar sana'ar da ke lamunce wannan ga kowa da kowa. Haka mai ba da bashi da ruwa kashi 10 a wata, kashi 120 yake nufi a shekara. Haramcin riba da caca a bayyane yake a shari'a, lissafi kuma yana sa matashi ya ga ramin da idonsa.

Abubuwan da ke kashe wa yaro zuciya

Na gaba a cikinsu shi ne duka da zagi. Yaron da ke kallon bulala ba ya ganin lamba. Tsoro yana toshe tunani, kuma wanda aka saba kiransa daƙiƙi a kan tabarmar karatu yakan yarda, ya daina ƙoƙari. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 yana yaro, kuma ya shaida cewa bai taɓa ƙyararsa ba. Idan haushi ya taso wa uba, ya rufe littafin, gobe ma rana ce.

Na biye da shi wata magana ce da iyaye ke furtawa cikin raha: ai mu gidanmu ba mu iya lissafi ba, ni ma haka na sha fama. Yaro yana ji, kuma ya samu uzurin da zai riƙe har girma. Uwar da ke sayar da ƙosai, ta san kuɗin wake da mai da itace, ta san ribarta kafin kasko ya huce, ba ta da hujjar cewa ba ta iya lissafi ba. Idan an kawo abin da ya fi ƙarfinki, ki ce, zo mu nemo tare. Matambayi ba ya ɓata, kuma yaron ya koyi darasin da ya fi amsar tsada.

Sai kuma yi wa yaro aikin da aka ba shi daga makaranta. Ana yi ne da sunan tausayi, amma ha'inci ne ga malamin da zai duba ya zaci yaron ya gane, kuma shi ne tsanin farko zuwa satar amsa. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya barranta daga mai algus, a lokacin da ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ɓoye a ƙasa. Littafin da aka cika da amsoshin yaya, sunan ƙane na bisa bangonsa, bai rasa kama da wancan tarin abinci ba. Uban da ke biyan kuɗi a shigar wa ɗansa amsa ɗakin jarrabawa, ya tuna wata rana wannan ɗa zai auna wa mara lafiya magani ko ya lissafa ƙarfen gini.

'Ya'ya mata, ɗalibai da makarantunmu

Kada a ware 'ya'ya mata. Sau da yawa su ne ake tauyewa a rabon gado, su ke riƙe da cefanen gida da adashi da ƙananan sana'o'i, kuma su ne malaman farko na zuriya mai zuwa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna koyar da na waje, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilimi ya isa ga mata har ƙauyuka. Macen da ta san bambancin sumuni da rubu'i da wuya a yi mata rufa-rufa.

Ku kuma ɗalibai, na sakandare da na jami'a da na zaure, kuna da bashi a wuyanku. A gidaje da yawa ku ne kaɗai kuka san abin da ke cikin littafin ƙannenku. Ku ajiye waya na rubu'in awa ku zauna da su. Za ku tarar koyarwa ta gyara muku abin da kuka haddace ba ku gane ba, ga kuma ladan ilimi mai amfani wanda ba ya yankewa da mutuwa. Ɗalibin fiƙihu ya daina tsallake lissafin babin gado, ɗalibin kimiyya kuma ya je ya durƙusa gaban malami ya karanta babin.

Ga makarantun Islamiyya da tsangayu, kiranmu shi ne a daina karanta babin zakka da na gado da baki kawai. A fito da allo, a ba yara mas'aloli da naira da buhu da awaki, su yi da hannunsu. Limamai kuma su riƙa tuna wa iyaye wannan nauyi. Wannan duka bai ɗauke wa hukuma nauyin samar da ƙwararrun malamai da rage cunkoson azuzuwa ba, kuma za mu ci gaba da faɗar haka. Sai dai yaron da ke aji uku bana ba zai tsaya jiran gyaran tsarin ilimi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kowannenmu makiyayi ne, kuma abin tambaya ne kan abin da aka ba shi kiwo. Muna son 'ya'yan da za su auna mudu su cika, su rubuta bashi daidai, su fitar da zakka ba ragi, su zauna a zauren rabon gadonmu suna gane abin da ake yi. Mafarin wannan ba ya buƙatar kuɗi. Yau da daddare, bayan an idar da Isha'i, a kira ƙaramin gida a tambaye shi raka'a nawa aka yi tun daga Asuba, a kuma yi haƙuri har ya gama ƙirgawa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, ya kuma sauƙaƙa mana hisabi ranar da za a ɗora ayyuka bisa mizani. Amin.